Murzar Hagun Gwaggo Tanna

Ke Fati, ajiye wannan zaren ki dube ni. Ɗazu na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawayenki wai murzar zare ba sana'a ba ce, wai ko akuya aka ɗaura wa zare a ƙafa za ta murza. To sannu, uwar iyawa! Wannan abin da kuke sayowa a butik, kantin nan na kayan zamani, inji ya kaɗa, inji ya murza, ku naku kawai ku yanka ku ƙulla tuntaye ku sayar wa baƙi masu ɗaukar hoto, shi kuke kira murzajje? Ku matso nan dukanku. Yau sai kun ji abin da kalmar nan take nufi a Agadas lokacin da nake da haƙora. Kuma sai kun ji yadda siliya guda ta fitar da wata yarinya daga zaman da ba na aure ba, ba na takaba ba.

A zamaninmu in an ce murzajje ba a ƙara komai a kai, kowa ya san alharini ake nufi. Shi kuwa alharini ba a zare yake zuwa mana ba. A curi yake zuwa, a cukurkuɗe, ja mai ɗan duhu kamar ruwan zoɓo. Manya sun ce da can ta arewa yake shigowa, daga Tarabulus bisa raƙuma. Mu dai mun taso mun tarar yana zuwa ta Kano da Damagaram. Sai ki zauna ki tsettsefe shi da yatsu, ki kaɗa a mazari ya zama sili. Sili ɗaya ba shi da ƙarfin kirki, jariri ma ya ja ya tsinke. Sai ki ɗauki sili biyu, ki murza kowane shi kaɗai ta wajen da aka kaɗa shi, har ya ƙoshi yana neman nannaɗewa. Sannan ki haɗa su ki mai da su ta ɗaya wajen. Wannan yana son warwarewa, wancan ya riƙe shi; wancan yana son warwarewa, wannan ya riƙe shi. To shi ne murzajje. In kin gama ki rataya shi a yatsa: in ya sauka ya tsaya shiru, kin iya, in ya tattare yana rawa, warware ki sake. Murzajjen nan kuma in aka haɗa da yawa aka sake murzawa, shi ke zama siliya, wadda ake rataya laya da ita, ko a yi hamilar takobi.

Kayan aikin duka ba su cika taskira ba. Mazari da gululunsa na yumɓu, ƴar ƙwaryar da mazarin ke juyawa a ciki, da alli na shafa wa yatsu, wanda muke yi da ƙonannen ƙashi. Sauran a jikinki suke: babban yatsan ƙafa na maƙala zare, ƙwauri na murzawa, da leɓe na jin inda zare ya yi ƙulli. Babban abokin gaba kaushi ne. Alharini in ya ji kaushi a hannu sai ya maƙale ya yi gashi-gashi. Saboda haka ni ba a bari na yi daka ko na wanke tukunya da toka sai an tashi aiki. Ƴan uwana mata har gori suke mini, wai gimbiya. Gimbiyar da ƙwaurinta ya saɓule har gashi bai sake fitowa a wurin ba! Ga shi nan, ku duba.

Wadda ta koya mini ita ce Gwaggo Tanna, yayar babana. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni riƙo tun ban iya ɗaura zane ba. Doguwa ce, siririya, ga faɗa kamar me, amma tuwonta ba ya kwana, sai ta kai maƙwabta. Kuma bahaguwa ce. Ta ce tana ƙarama an doke hannun nan har ya kumbura. Ta yarda ta ci abinci da dama, ta gaisa da dama, amma zare dai hagu ta ce ita ke da shi. Da za ta koya mini, ba gefenta ta zaunar da ni ba, gabanta ta ajiye ni muna fuskantar juna. Hannun da ta ɗaga, sai in ɗaga wanda ke daidai da shi, ita hagu ni dama. Shi ya sa tawa murzar ta fito ta dama irin ta kowa. Tata kuwa a juye take kwanciya, kuma duk garin nan ita kaɗai ke yin haka.

Na daɗe ina fama da auduga kafin a bar ni in taɓa alharini. In na kaɗa na miƙa mata, sai ta ja zaren a leɓenta ta ce, “Hadiza, wannan zare ne ko kashin awaki kika jera mini?” Ta warware tas, ta mayar mini. Na yi kuka har na gaji. Ranar da ta rataya murzajjena a yatsa ya tsaya shiru, ba ta ce na iya ba. Cewa ta yi, “Tashi ki kai wa Sidi, yana jira.” Da gudu na tafi, zanena har yana kwancewa don murna.

Sidin nan ɗan maƙwabciyarmu ne, Tamo, aminiyar Gwaggo kuma abokiyar faɗanta. Baduku ne, mai ɗinkin takalman nan masu faɗi da ake yi wa ado da jan alharini, kuma rabin abin da muke murzawa shagonsa yake tafiya. Yaro mai fara'a. Duk inda ya ga ƙashin raƙumi sai ya tsinto wa Gwaggo don ta yi alli, ya jefa a tsakar gida ya ce, “Inna Tanna, ga sadakinki na kawo.” Ta bi shi da muciya yana dariya. Ya auri ƙawata Rahamu, wadda muke ɗebo ruwa tare.

Banda dukawa akwai masu sirdin raƙumi, akwai Buzayen cikin duwatsu da ke saukowa da albasa da alkama da dabino. Ina tuna wani ƙaton mutum daga Tabelot da ya zo karɓar hamilar takobinsa. Ya jujjuya ta a hannu, ya ce ta yi siriri. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, “Ɗaura a azarar zaure ka ja. In ta tsinke, ga akuyata can, kwance ka tafi da ita.” Mutumin ya ɗaura, ya ja, ya ja, har ƙasa ta fara zubo masa a rawani. Sai ya saki yana dariya, ya ƙara mana dabino a kan abin da aka shirya. Kai, an yi zamani! Gidanmu kullum da takalman baƙi a bakin ƙofa.

Sai yaƙin Nasara ya zo. Mu ba mu ga yaƙin da ido ba, amma mun ji shi a tukunya. Aka rufe hanyar Kano. Kumandan Nasara mai mulkin garin nan ya sa aka riƙa kama raƙuman mutane. Sukari ya ɓace, shayi ya ɓace, yadi ya ɓace har wasu mata ba sa iya fita sai sun ari zane. Alharini kuwa ko na sa wa a ido babu. Muka koma kaɗin auduga, abin da kowace tsohuwa ke yi a ɗakinta, wa zai saya? Takalman bakin ƙofa suka ɗauke ɗif. Can sai ga wani zare ya ɓullo a kasuwa, ja, yana ƙyalli fiye da na gaske, masu sayarwa suna rantsuwa wai murzajje ne. Wasu masu sana'armu suka karɓa suka ci gaba. Gwaggo ta ce ita hannunta ba zai taɓa shi ba, ko da za mu kwana da ruwa a ciki. Mun kuwa sha kwana da shi.

Sidi ma aikinsa ya mutu, ga Rahamu da ciki. Sai ya ce zai bi ayarin gishiri zuwa Bilma, wani madugu zai ɗauke shi jan raƙuma. Ɗan birni fa, wanda bai taɓa wuce Dabaga, ƙauyen nan na kusa, ba! Uwarsa ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ce, “Inna, in zauna mu ci me?” Da ta ga ba makawa sai ta je wajen malam aka yi masa layu. Al'adarmu kuwa, wanda zai ƙetare hamadar Tenere karon farko, a jar siliya ake rataya masa layunsa, kuma uwa ce ke sa masa a wuya da hannunta.

Da hantsi Tamo ta shigo mana da zaren nan na kasuwa ƙulle a bakin mayafi. Ta ce, “Tanna, ga shi. Ki murza wa ɗanki.”

Gwaggo ta zaro sili ɗaya, ta jiƙa da miyau, ta ja kaɗan. Ɓat, ya rabu. Ta sa wani a garwashi ta miƙa wa Tamo a hanci. “Me kika ji?”

“Ƙaurin kara.”

“To alharini ƙaurin gashi yake yi. Wannan in gumi ya jiƙa shi, kafin su kai rijiyar farko layun suna ƙasa.”

Tamo ta fusata. “Yo sai in yi yaya? In haifo miki alharinin? Ke dai kin fi son yaron nan ya tafi wuya sake, don a ce Tanna ba ta taɓa zaren banza ba!”

“Kwashe tsiyarki ki fitar mini daga gida,” in ji Gwaggo.

Tamo ta fita tana sababi. Gwaggo ta miƙe. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe adudu, ta fito da zanen aurenta, saƙi mai ratsin jan alharini, wanda ni ban taɓa ganin ta ɗaura ba, sai dai ta fito da shi ta sha iska ta mayar. Ta miƙo mini allura ta ce, “Zare jan.” Na ce, “Gwaggo, zanenki fa?” Ta ce, “Da na ce zanen uwarki ne?” Wallahi ina zarewa ina hawaye, don na san shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata na mijinta.

Da muka tsefe aka sake kaɗawa, sai alharinin ya gaza kaɗan. Gwaggo ta lalubo wani ɗan ƙullin zaren tsamiya, irin alharinin nan na ƙasar Hausa mai launin ƙasa-ƙasa, ta sa sili ɗaya a tsakiya, jan ya rufe shi ruf. Lokacin yatsunta sun fara sanƙarewa, amma ta ce wannan ba aikin ƴar koyo ba ne. Ita ta murza, ni ina riƙe da baki. Da ta gama ta aike ni in kira Tamo. Tamo ta ga siliya, ta ga ragowar zanen a yashe kamar tsumma, sai ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ta ce, “Ban son kuka. Karɓi. Wannan ba za ta tsinke ba.”

Ayari ya tafi. Rahamu ta haifi namiji aka sa masa Bubakar. Ayari ya dawo, ba Sidi. Madugu ya zo har zaure, ya ce a hanyar dawowa raƙumi ya ɓalle, Sidi ya bi sawunsa, iska ta taso ta shafe sawun duka. Sun nema har ruwansu ya kusa ƙarewa, dole suka wuce.

Tamo ta ce ƙarya ne, ɗanta yana raye. Yau ta ce an gan shi a Bilma, gobe ta ce ai soja suka tafi da shi gabas. Ta hana a yi sadaka, ta hana a yi kuka a gidan. Alƙali kuma ya ce ba gawa, ba shaida, sai dai a jira shekaru. Wadda abin ya faɗa wa ita ce Rahamu. Ba ta da miji, ba ta da ikon shiga takaba balle ta fita. In ta sa kwalli a ce ta manta da shi, in ta bari surukarta ta ce tana yi wa ɗanta fatan mutuwa. Iyayenta suka so ɗauke ta, Tamo ta kwanta a bakin ƙofa. Yarinya mai jiki ta koma kamar sillen kara. A bakin rijiya take ce mini, “Hadiza, ni ko wanne ne a gaya mini. Ko wanne ne.” Ina jin tausayinta har cikin raina, amma me zan iya?

Ayari ya sake tafiya ya dawo, ya kuma sake. Bubakar har ya fara gudu. Rannan bayan la'asar sai ga madugun nan ya yi sallama gidan Tamo. Ya ce sun kauce hanya kaɗan saboda iska, suka tarar da ƙasusuwan mutum a gindin wani tudun rairayi. Sun yi masa salla sun rufe shi a can. Ba riga, ba takalmi, sai layu a wuya, ga su. Amma ya ce shi ba zai ɗauki alhaki ba: a shekarun nan ba Sidi kaɗai hamada ta ci ba, akwai wasu gidajen da ke jiran nasu.

Layun sun ƙeƙashe sun yi baƙi, irin ɗinkin da kowane baduku ke yi. Siliyar kuwa rana ta cinye launinta, ta koma fari-fari kamar toka. Tamo ta kalla sau ɗaya ta kau da kai. “Ba nasa ba ne. Tasa ja ce.” Sai Rahamu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukarta ba, ta ce, “Inna, a kira Inna Tanna.”

Ni na riƙo hannun Gwaggo muka shiga, don lokacin yanar ido ta rufe mata gani. Tsakar gida cike da mata, madugu yana tsugune daga bakin zaure. Aka sa mata siliyar a tafin hannu. Ta shafa ta daga wannan baki zuwa wancan. Ta kai leɓe ta ja a hankali. Sannan ta kama da yatsu biyu ta murɗa ta wajen da kowace siliya ke buɗewa, sai siliyar ta ƙara ɗaurewa. Ta murɗa ta ɗaya wajen, sai siliyar ta buɗe.

Ta ce, “Hadiza, ara mini idonki. Me ke ciki?”

Na sunkuya. Can cikin murzar, inda rana ba ta kai ba, jan yana nan jawur kamar ranar da muka zare shi. A tsakiya kuma ga sili ɗaya mai launin ƙasa. Na sake leƙawa, na kuma sake. Gwaggo ta daka mini tsawa, “Ba da ke nake ba?” Na ce, “Ja ne, Gwaggo. Da tsamiya guda a tsakiya.”

Tamo ta matso da gwiwa ta kama ƙafar Gwaggo. “Tanna, don Allah kar ki yi mini ƙarya. Kuma don Allah kar ki faɗa.”

Gwaggo ta lalubo kanta ta dafa. Ta ce, “Zanen aurena ne, Tamo.”

Tamo ta karɓi siliyar tana jujjuyawa, tana neman inda ta rabu. Ta juya wajen madugu ta ce, “A ina kuka yanke ta?” Ya ce, “Ba mu yanke ba, Inna. Ta kai muka zare ta. Ko sili ɗaya bai tsinke ba.” Sai Tamo ta dubi Gwaggo ta ce, “Ai kin faɗa. Kin ce ba za ta tsinke ba.” Daga nan ta fasa kukan da ta riƙe tun ranar da ayarin farko ya dawo, Gwaggo ta rungume ta, tsofaffi biyu suna kuka a ƙasa. Washegari madugu da Gwaggo suka je gaban alƙali. Aka yi sadaka, Rahamu ta shiga takaba, ta fita, daga baya ta yi aure ta hayayyafa. Bubakar ya zauna wajen kakarsa.

Bayan yaƙi alharini ya ɗan dawo, amma mutane sun riga sun saba da mai ƙyalli mai araha. Takalman bakin ƙofarmu ba su sake yawa kamar da ba. Na ci gaba da yi wa waɗanda suka san bambanci, da shi na aurar da ƴaƴana. Amma aikin da ya fi ba ni wuya a duk rayuwata, Tamo ce ta kawo shi. Da za a yi wa Bubakar kaciya, ta zo da siliyar nan ta ce a rage mata tsawo, a ɗaure bakin da ya saki, za ta sa wa jikanta. Gwaggo lokacin ko cokali ba ta iya riƙewa. Na ce wannan ai abu mai sauƙi ne, kamar yadda Fati ta ce ɗazu. Na ɗora a ƙwauri na murza da dama yadda na saba, sai siliya ta fara warwarewa a hannuna. Gwaggo daga kan tabarma ta ji sautin, ta ce, “Za ki kashe mini aiki, ƴar banza! Zo nan.” Wannan karon ba gabanta ta zaunar da ni ba. Gefenta ta ajiye ni, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗora sanƙararren hannunta na hagu a kan nawa. Na koma ƴar koyo da ɗana a bayana. Sai da na lalata auduga mai yawa kafin ta yarda in sake taɓa siliyar. Ba ta ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙanta.

To, Fati, kin gane ko? E, Bubakar ɗin da kike tunani ne, kakanki mai shagon takalma. Tsohuwar igiyar nan mai launin toka da kike gani a wuyansa in ya tuɓe rawani zai yi alwala, wadda na ji kin ce za ki sayo masa sabuwa a butik ki jefar da ita, ita ce. In kin koma gida ki roƙe shi ya ba ki ki riƙe. Ki wanke hannunki tukuna. Ki murɗa ta a hankali ta wajen da ba ki saba ba, ki leƙa ciki. Jan yana nan.